Yaron da Ba Ya Ji

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da rumbu, mu yi zancen yara. Kada maigida ya ga haka ya ce ai wannan na mata ne, ya miƙa wa uwargida takardar. Da shi mu ke, da ita, da kaka, har da 'yar yarinyar da a kan bar wa goyo in an tafi gona.

In aka ce yaro ba ya ji, kowa ya san abin da a ke nufi. Mai taurin kai ke nan, wanda in an aike shi sai ya tsaya wasa, in an hana shi abu sai ya koma. Maganinsa kuwa a yawancin gidaje tsumagiya ce. Amma cikin yaran nan da a ke kira marasa ji, akwai waɗanda maganar ta zama gaskiya a kansu ta hanyar da ba a zata ba. Waɗansu kunnen ne ya sami lahani. Waɗansu kuwa in ka tafa hannu a bayansu za su waiwayo, amma maganar da a ke yi musu ba ta shiga duka, sai gutsure-gutsure. A kan waɗannan na biyu za mu fi daɗewa, gama binciken masana ya nuna cewa tsoro da wahalar da yaro ya sha tun yana ciki, ko yana goye, suna iya taɓa yadda ƙwaƙwalwarsa za ta koyi ji.

KUNNE ƊAN AIKE NE

Kunnen da mu ke gani a waje mazurari ne kawai. Ya kan tattara ƙara ya zura ta cikin rami, ta je ta bugi dodon kunne, watau wata 'yar fata da ke ɗaure tam kamar fatar kalangu. Bayan fatar akwai 'yan ƙasusuwa 3, waɗanda babu ƙanana kamarsu a jikin mutum. Su ne ke kai girgizar ga wani abu naɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000 a kowane kunne. In ruwan ya motsa, gashin ya kaɗa, sai saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Da waɗannan ƙwayoyi a ke haihuwarmu, wadda ta mutu kuwa ta mutu ke nan. Na kaza su kan sake tsirowa, na mutum a'a.

Iyakar aikin kunne ke nan, ya kai saƙo. Mai warware saƙon, ta ce wannan kukan akuya ne, wannan muryar Inna ce, wannan kira ne, wannan faɗa ne, ita ce ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ba da iyawa a ke haihuwarta ba. Koyo ta ke yi, tun da wuri kuma ta ke farawa. Jaririn da ke ciki ya kan soma ji wajen wata na 6 zuwa na 7. A 1980 waɗansu masana a Amurka suka gwada jarirai waɗanda ba su wuce kwana 3 a duniya ba. Suka ba su abin tsotso da aka haɗa da rikoda, yadda in jariri ya tsotsa ta wata hanya sai ya ji muryar uwarsa, ta wata hanyar kuma ya ji muryar wata mace dabam. Jariran suka riƙa zaɓen muryar uwa.

Ran haihuwa nauyin ƙwaƙwalwa giram 350 ne zuwa 400, watau wajen kashi 1 cikin 4 na ta babba. Kafin yaro ya cika shekara 2 ta kai wajen kashi 3 cikin 4, a shekara 5 kuwa wajen kashi 9 cikin 10. Babban aikin da a ke yi a ciki a shekarun nan shi ne shimfiɗa hanyoyi tsakanin ƙwayoyinta. Masana a Jami'ar Harbad ta Amurka sun ƙiyasta cewa sababbin hanyoyi fiye da miliyan 1 ke haɗuwa a kowace daƙiƙa. Ku ɗauki misalin hanyar gona. Da farkon damina kowa ya kan ratsa ta inda ya ga dama, sawu ko'ina. Inda aka fi bi sai ya zama turba, inda aka daina bi ciyawa ta rufe. Haka ƙwaƙwalwa ta ke yi. Ta kan buɗe hanyoyi barkatai, sa'an nan ta riƙe waɗanda a ke bi kullum, ta saki sauran.

An ga wannan a fili a ƙasar Kanada a 1984. Janet Werker da Richard Tees suka sami jarirai na gidajen da Turanci kaɗai a ke yi, suka jiyar da su waɗansu sautuka na harshen Hindi na Indiya, da na wani harshen mutanen asali na Kanada, irin waɗanda Turanci ba ya rabewa. 'Yan wata 6 zuwa 8 kusan duka sun ji bambancin. 'Yan wata 10 zuwa 12 kuwa kaɗan ne suka ji. Ciyawa ta riga ta soma rufe hanyar da ba a bi. Shi ya sa Baturen da ya koyi Hausa da girma ya kan yi shekara da shekaru yana ce wa baƙi baki, yana ce wa ƙafa kafa. Ba harshensa kaɗai ke da nauyi ba, kunnensa ma da ƙyar ya ke rabe su. Haka Bahaushen da ya zo koyon Ngas ko Birom ko Tangale da gemunsa. Yaron da ya tashi yana jin harshe biyu a tsakar gida kuwa ya kan riƙe hanyoyin duka biyun. Ba ya ruɗewa, kada kowa ya tsorata ku a kan wannan.

Ashe ji ma yana da lokacin shukarsa. Wanda ya makara ba ya rasa amfani ɗungum, amma ya san zai sha aiki fiye da wanda ya shuka a kan kari.

ABIN DA TSORO KE YI A JIKI

In kana noma ka yi kiciɓis da kububuwa a gindin kunya, kafin ka yi tunani ka riga ka yi tsalle. Zuciya na bugawa, gumi na tsattsafowa. Wannan aikin waɗansu 'yan tsoka biyu ne da ke zaune a bisa ƙoda, masu zuba sinadari cikin jini da zarar ƙwaƙwalwa ta ce ga hatsari. Ɗaya daga cikin sinadaran nan sunansa kotisol. Abu ne mai amfani ƙwarai, shi ke ba jiki ƙarfin gudu ko na kare kai. Maciji ya wuce, ka zauna a inuwa, jiki ya koma daidai.

Babba ya iya kwantar wa kansa da hankali. Jariri bai iya ba. In ya firgita, sai wani ya ɗauke shi, ya ji ɗumin jiki da muryar da ya sani, kana jikinsa ya sauka. Wani likitan yara mai suna Jack Shonkoff da abokan aikinsa sun raba wahalar yara gida uku. Akwai ƙarama, irin ta allurar rigakafi, ko aski, ko ganin baƙon ido. Yaro ya yi kuka, a rarrashe shi, shi ke nan, har ma jikinsa ya koyi yadda a ke sauka bayan tsoro. Akwai babba, irin ta ciwo mai tsanani, ko mutuwar uba, ko gudun hijira, wadda yaro ke iya jurewa muddin akwai wani babba tsayayye da ke riƙe da shi. Ta ukun ita ce suka kira wahala mai dafi, watau tsoron da ke komowa yau da gobe, babu kuwa mai rarrashi. Kotisol kamar takin zamani ya ke. Kaɗan a kan lokaci ya ta da shuka, amma in ka jibga shi a gindin ɗanyen tsiro sai ya ƙone. Yaron da ya daɗe cikin wahala mai dafi ma'aunin jikinsa ya kan lalace. Wani sinadarin ya yi ta zuba fiye da kima, wani kuma ya dushe, ya daina tashi yadda ya kamata.

Makiyayi ya san wani abu game da wannan. Tunkiyar da ta haihu ta kan lashe ɗanta tas, wadda ta ƙi nata kuwa kowa ya san wuyar raya shi. Michael Meaney na Jami'ar Makgil a Kanada ya yi shekaru yana lura da ɓeraye. Waɗansu iyaye mata masu yawan lasar 'ya'yansu ne, waɗansu ba su cika yi ba. 'Ya'yan masu lasa suka girma da natsuwa, in an firgita su jikinsu ya sauka da wuri. Na ɗaya ɓangaren suka tashi matsorata. Sai aka ce, ai gado ne. Don haka a 1999 aka musanya 'ya'yan tun suna jajaye, aka ba wannan uwa na waccan. Da suka girma, halin wadda ta rene su suka ɗauka.

INA RUWAN WANNAN DA JI?

Magana abu ce mai sauri ƙwarai. Tsakanin baba da babba, ko tsakanin gado na kwanciya da gado na magada, bambancin bai wuce ƙiftawar ido ba. Manomi yana da fari har uku: na launi, na rashin ruwa, da masu fiffike da ke cinye gero. A rubuce duk ɗaya ne, a baki kuwa tsawon wasali da hawa da saukar murya ne ke rabe su. Ƙwaƙwalwar da za ta kama irin wannan dole ta iya jin 'yan gajerun tsayawa da yankewa da ke cikin sauti, ta kuma yi haka cikin hayaniyar kasuwa ko ta aji.

A 2003 Edward Chang da Michael Merzenich, a Jami'ar Kalifoniya, suka reni 'ya'yan ɓera cikin ƙara mai ɗorewa dare da rana, irin "shhh" ɗin rediyo in tasha ta ɓace. Ƙarar ba ta kai ta kashe kunne ba. Amma sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da ji, wanda ya kamata ya tsaru kunya-kunya, kowane amo da wurinsa, sai ya daɗe a hargitse kamar na jarirai, har bayan lokacin da na 'yan'uwansu ya riga ya nuna.

Wannan zancen ƙara ne. Na tsoro zalla kuwa, Merri Rosen da ɗalibanta a wata jami'ar koyon likita a Jihar Ohayo ta Amurka suka ba da rahotonsa a 2023. Sun yi aiki da wani irin ɓeran daji na Mongoliya, wanda jinsa ya yi kusa da na mutum. A kwanakin da kunnen 'ya'yan ke buɗewa, sai suka riƙa raba su da uwarsu na ɗan lokaci, a sa'o'in da ba su zata ba. Ba a toshe musu kunne ba, ba a ɗirka musu ƙara ba. Daga baya aka gwada su. A kan kunna sauti mai ɗorewa kamar na ruwan sama a bisa kwano, a sa ɗan yankewa gajere a tsakiya, a ga ko dabbar ta lura. Waɗanda suka sha wahala suka kasa kama gajerun yankewa da 'yan'uwansu ke kamawa, maza da mata. Da aka auna saƙon da ke bin jijiya, aka tarar ya raunana tun daga kusa da kunne har zuwa can saman ƙwaƙwalwa.

Mu da muka taɓa riƙe alli mun san irin yaron nan. In kun zauna ku biyu a ɗaki shiru, ya fahimce ka sarai. In aji ya kaure da surutu, ko ka jero masa aike uku a numfashi ɗaya, sai ya kama na farko ya zubar da sauran. Ba mu ce duk yaron da ke haka wahala ce ta jawo masa ba. Amma tsumagiya ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ta ƙara tsoro a bisa tsoro.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, to bari mu zo ga mutane. A Jami'ar Oregon a 2013, Alice Graham ta sa jarirai 20, 'yan wata 6 zuwa 12, cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna barci. Aka jiyar da su muryar wani namiji yana faɗin kalmomi marasa ma'ana, wani lokaci da fara'a, wani lokaci da fushi. Jariran da iyayensu suka ce ana yawan faɗa a gidansu, ƙwaƙwalwarsu ta fi zabura da muryar fushi. Suna barci fa! Wannan amsa ce ga maigidan da ke cewa, "Ai yaron ƙarami ne, bai san kome ba." Martin Teicher da abokan aikinsa, su ma a Amurka, a 2009 da 2011 suka duba samari da 'yan mata waɗanda suka tashi cikin zagi da tsawa daga iyayensu, ba tare da duka ba. Suka ga bambanci a sashen ƙwaƙwalwa na ji, da kuma babbar hanyar da ta haɗa shi da sashen magana.

Labari mafi ɗaci daga ƙasar Rumaniya ya fito, can Turai. Shugabanta Nikolai Caushesku yana so jama'a su yawaita, sai ya kafa doka a 1966 wadda ta sa mata haihuwar 'ya'yan da talauci ya hana su riƙewa. Da mulkinsa ya faɗi a Disamba 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati. Jarirai jere a gadajen ƙarfe, mace ɗaya na kula da goma ko fiye. A ba su abinci, a yi musu wanka, amma babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Waɗanda suka shiga ɗakunan sun ba da labarin shirun da suka tarar, gama jariran sun daina kuka tun da babu mai zuwa. Daga shekarar 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bi yara 136 na irin gidajen nan a Bukares. Rabi aka ba da su riƙo ga iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda su ke. Waɗanda aka ba riƙo kafin su cika shekara 2 suka fi sauran farfaɗowa wajen basira. Wajen magana kuwa, waɗanda suka shiga hannun iyali kafin wata 15 sun kamo yaran gari. Waɗanda aka makara da su ma sun ci gaba, amma da jan ƙafa.

Ku lura, yaran nan ba duka aka yi musu ba. Shiru ne ya cuce su.

A GIDAJENMU FA?

Muna da abin da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Goyo a baya, nono har wajen shekara 2, tawai da kaka ke yi, waƙar daka da ta niƙa, gida mai mutane da yawa inda yaro ba ya rasa mai ɗauka, duk magani ne ga abin da mu ke magana a kai. Waɗanda suka yi karatu kaɗan suka soma raina su, a ganinmu sun yi hasara.

Amma akwai wuraren da bango ya tsage. Na farko faɗan miji da mata, wanda ya kan yi tsanani a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, da kuma bayan kaka sa'ad da kuɗin amfanin gona ya bi ta gidan burkutu. Mai ciki ma abin ya shafe ta. Mabiyiya ta kan tace yawancin kotisol na uwa kada ya kai ga ɗa, amma ba duka ba. A Janairu 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki a lardin Kwibek na Kanada, mutane suka yi makonni cikin duhu da matsanancin sanyi. Suzanne King ta bi matan da ke da ciki a lokacin. 'Ya'yan waɗanda suka fi shan wuya, da suka kai shekara 2, sun kasa na sauran a yawan kalmomi. Bayan haihuwa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 ta kan sami ciwon damuwa, yawanci baƙin ciki mai nauyi. Irin wannan uwa tana ba da nono, amma ba ta da ƙarfin wasa da jariri ko amsa gwarancinsa. Taimako ta ke bukata, har na asibiti, ba gori ba.

Sai yaye na farat ɗaya. A shafa maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai shi wani ƙauye wurin kakar da bai saba da ita ba. A yini ɗaya ya rasa abincinsa, da bayan da ya saba hawa, da muryar da ya sani tun yana ciki. Me zai hana a rage nonon sannu-sannu cikin makonni, a kuma bar shi hannun wanda ya riga ya saba da shi? Gidajen da a ke kunyar ɗan fari kuwa, in kunya ta hana uwa wasa da shi a gaban surukai, a tabbata akwai kaka ko goggo da ke yi, uwar kuma ta rama a ɗaki. 'Yan'uwanmu da rikici ya kora daga ƙauyukansu, babban abin da za a yi wa jariransu bayan abinci da makwanci shi ne kada a raba su da wanda suka saba da shi, a kuma sauƙaƙa wa uwar ta sami barci.

Kunnen kansa ma sai an tsare shi, gama yaron da ya haɗa tsoro da ciwon kunne kaya biyu ya ɗauka. A rahotonta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 a duniya ke fama da rashin ji mai nakasarwa, kusan kashi 60 cikin 100 kuwa daga abubuwan da a ke iya karewa ne. Dattawanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, ya bar waɗansu kurame. Shi da ƙyanda duk suna da allurar rigakafi. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a makon farko, watau shawara, a kai shi asibiti ran nan. Kunne mai zubar da mugunya ba abin da za a ce zai wuce da kansa ba ne, ba kuma a ɗura masa manja ko ruwan ganye, ba a sosa shi da ashana ko gashin kaza. Waɗansu allurai, kamar jentamaisin, suna iya kashe ƙwayoyin nan masu gashi in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, don haka kada a bar mai kemis ya yi wa yaro allura da ka. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin, gama rashinsa ga mai ciki, banda maƙoƙo, ya kan jawo haihuwar kurma. Mari a kunne kuwa yana iya fasa dodon kunne nan take.

Ƙara ana auna ta da ma'aunin da a ke kira desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Daga 85 zuwa sama, in mutum yana yini a ciki, tana cin kunne. Ba sai da na'ura ba: duk inda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, wurin bai dace da jariri ba. Mace nawa mu ke gani tsaye a bakin injin niƙa da goyo a bayanta? Ƙungiyar da ke da inji ta kafa benci a inuwa nesa kaɗan, inda za a bar jarirai da mai lura da su. Masu lasifika a majami'a da wurin biki su ma su ji, gama sau da yawa a gindin akwatin ne a ke shimfiɗa wa mata masu goyo tabarma.

ABIN LURA DA ABIN YI

Sabon haihuwa ya kan zabura in ƙofa ta bugu. Ɗan wata 3 ya kan yi shiru ko murmushi in ya ji muryar uwa. Wajen wata 6 ya kan juya ya nemi inda sauti ya fito, ya soma gwaranci. A shekara 1 ya san sunansa, ya kan kuma faɗi kalma ɗaya ko biyu. A shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "Baba zo". Kuna iya gwadawa a gida. Uwa ta riƙe shi a cinya, wani ya tsaya a baya inda ba ya ganinsa, ya kaɗa kacau-kacau a hankali ta dama, sa'an nan ta hagu. In sau da yawa bai waiwaya ba, ko gwarancin da ya soma ya ɗauke, kada a tsaya ana cewa ai ubansa ma ya yi nauyin baki.

Ga ƙungiyoyinmu kuwa, akwai abin koyi daga ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor ta tara yara 129 a unguwannin talakawa na Kingiston, 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Waɗansu aka riƙa ba su madara kilo 1 kowane mako. Waɗansu kuwa wata ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ce ke zuwa gidansu awa 1 a mako, har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yabe shi. Kayan wasan ma da tarkacen gida aka yi su. Da farko duka biyun sun taimaka. Da shekaru suka yi nisa sai amfanin wasan ne ya ɗore. Rahoton 2014 ya nuna cewa bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗi kashi 25 cikin 100 fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Wannan ba ya rage darajar kunun gyaɗa da wake da ƙwai, cikin da ba kome ba ya wasa. Amma awa 1 a mako ba ta fi ƙarfin Zumuntar Mata ba, ba ta kuma fi ƙarfin ƙungiyar da ke iya tara mutum talatin a gayya. Ran gayyar ma ana iya ware mace ɗaya bi da bi ta zauna da yara a gindin itace, maimakon a bar jariri wuni guda hannun 'yar shekara shida.

Maganar da ke gina ƙwaƙwalwa ita ce ta ba-ni-in-ba-ka. Jariri ya ce "ba-ba", ka dube shi ka amsa, ka jira ya sake. Rediyo da waya ba sa jira, ba sa amsawa. Uba ma ya iya wannan, ko yana gyaran ƙotar fartanya ne.

Yaron da ya riga ya girma, wanda ku ke zaton yana da wannan matsala, ku kira sunansa tukuna, ku bari ya dubi fuskarku, ku ba shi aike ɗaya ɗaya, ku sa ya maimaita. Ku roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaba. Ku kai shi a duba kunnen a babban asibiti inda akwai likitan kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wanda aka tabbatar kurma ne, kada a jira sai ya isa shiga makaranta. A tambayi likita ko na'urar ƙara ji za ta taimake shi, a kuma fara maganar hannu da shi tun yana goye, dukan gida su koya, har da yayyensa da za su riƙa wasa da shi.